Dizal ɗin da ke ɓacewa a hanyar Apapa zuwa Kano

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in tanka wa masu kamfanonin sufuri da kullum kukansu shi ne direbobi ba su da amana. Shekara tara ina riƙe da sito a wani kamfanin tireloli a Apapa da ke Legas, ni ke auna wa kowace mota dizal kafin ta ɗauki kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Tin Can zuwa Kano. Na yi aiki a ƙarƙashin manajoji biyu.

Na farko sai sha ɗaya yake shigowa, amma duk wanda cunkoso ya riƙe a Ijora ya makara da minti goma, sai an yanke masa albashi. Ran Juma'a yakan aiko yaronsa da jarkoki huɗu a cika masa na janaretan gida, ya ce in rubuta a kan motar wane. Ni ma na rubuta, Allah ya yafe mini. Direbobi suna kallo. Kafin mota ta wuce Ogere, a hanyar Legas zuwa Ibadan, an zuƙe lita hamsin, karen mota ya karɓi nasa kason. Ranar da na yi wa wani dattijon direba faɗa, cewa ya yi: "Malam, in ɓera da sata, daddawa ma da wari." Ban sami amsa ba.

Na biyu ya zo a 2023, bayan an cire tallafin fetur, kuɗin mota daga Agege zuwa wurin aiki ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Bai tara mu ya yi mana wa'azi ba. Ƙarfe bakwai yana ofis. Dizal ɗin motarsa da kuɗinsa yake saya a gidan mai. Wata rana ya yi kuskuren lissafi, aka rage wa direbobi uku kuɗin hanya. A gaban kowa ya ce laifinsa ne, aka biya su kafin la'asar. Da aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Yulin 2024, shi ya dinga hawa bene wurin mai kamfani har aka gyara wa masu gadi nasu.

Ban ce sata ta ƙare ba, akwai wanda ko limami ne ogansa sai ya taɓa, an kuma sallami biyu. Amma satar ta ragu, alhali mutanen nan dai su ne na da, motocin ma su ne.

Saboda haka mai kamfanin da ke shirin kashe kuɗi a kan na'urar bin diddigin mota, ya fara duba littafin sito ya ga sunan wa ake rubutawa ran Juma'a. Wancan dattijon da ya rufe mini baki da karin magana, watan jiya ya dawo daga Kano ya ajiye mini rarar lita talatin, ya ce in rubuta.

Naka,
Mai kula da sito,
Agege, Legas