Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Babban Bankin Najeriya kan bashin korona

Mai girma Gwamna Olayemi Cardoso,

Gaisuwa da fatan alheri. Maganar bashin korona ce ta sa na ɗauki alƙalami, bashin nan da Babban Banki ya raba ta hannun bankin NIRSAL tun 2020, wanda har yau yake wuyan magidanta da masu ƙananan sana'o'i a garuruwanmu.

Ka fi ni sanin yadda aka faro. A watan Maris na 2020 aka ware naira biliyan 50, aka ce magidanci zai iya samun har miliyan 3, mai ƙaramin kamfani har miliyan 25. Takardar ƙa'idoji ta ce kuɗin ruwa kashi 5 cikin ɗari ne a shekara, kuma wannan ya haɗa komai da komai, babu wani caji a gefe, sai a Maris na 2021 zai koma kashi 9. Da aka ga annoba ba ta saki mutane ba, aka ƙara shekara guda. A Maris na 2022 aka sake ƙara wata shekarar. Mutane suka ji a rediyo, suka yi hamdala, suka ɗora lissafinsu a kan haka. Kwatsam a watan Agusta sai ga wata takarda daga ofishin da kake zaune a ciki yanzu, cewa daga 1 ga Satumba 2022 duk tsohon bashi ya koma kashi 9. Wata shida cur aka yanke daga alkawarin da aka yi a rubuce.

Ranka ya daɗe, ka tuna wane wata ne Satumbar 2022? Watan da ruwa ya ci ƙasar nan ne. A ambaliyar wannan shekara sama da mutum 600 suka rasu, sama da miliyan 1 suka bar gidajensu. A nan Jigawa gonakin shinkafa suka zama tafki tun daga Ringim har Auyo da Kafin Hausa. A Haɗeja matasa kwana suke yi suna cika buhuna da yashi don tare ruwa, mata da yara na kwance a azuzuwan firamare. A daidai wannan lokaci aka ƙara wa mutanen nan kuɗin ruwa a kan bashin da aka ce na agajin bala'i ne. Bala'i na biyu ya same su suna tsaka da biyan na farko, kuma babu wanda ya waiwaye su.

Na san ba kai ka sa hannu a waccan takarda ba. Amma kujerar ɗaya ce, kuma tun da ka hau ta a Satumbar 2023 an ci gaba da karɓar kuɗin a kan wannan lissafi. Ka fito fili ka ce Babban Banki zai janye daga rabon rance kai tsaye, ka ce an zuba sama da tiriliyan 10 a irin waɗannan shirye-shirye. Ba ni da ja a kan haka. Rufe ƙofa ga sababbin masu nema abu ne daban, yi wa waɗanda ke ciki adalci abu ne daban, kuma na biyun nake jira ban gani ba.

Za a ce mini kashi 9 ai araha ce, tunda bankunan kasuwanci sun fi haka tsada nesa ba kusa ba. Gaskiya ne ga wanda ya karɓi kuɗi ya juya ya ci riba. Wanda ya karɓi dubu 500, kashi 5 dubu 25 ne a shekara, kashi 9 dubu 45. A Abuja bambancin dubu 20 ba abin magana ba ne. A gidan da jarin ya riga ya shige tukunya, dubu 20 kuɗin makarantar yaro ne. Kuma dole jarin ya shige tukunya, don an kulle mutane a gida ana tsakiyar azumi, kasuwanni a rufe, babu shiga babu fita. Da me za su ciyar da iyali? Bayan nan ga ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, ga cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, ga tsadar da ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Wace sana'a ce ta samu sararin numfashi har ta biya bashi?

Sannan da yawa ba su ma karɓi kuɗin cikakke ba. Neman bashin ta intanet aka yi shi, mafi yawan mutanenmu kuwa sai dai su je shagon kwamfuta a cike musu. A nan dillalai suka kafa tarko. Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu, tela ce, mijinta ya rasu ya bar ta da marayu. Dillali ya karɓi lambar BVN ɗinta, ya cike mata, ya ce kyauta ce daga gwamnati, sai dai idan kuɗi ya faɗo za a cire kason masu hanya. Ranar da ya faɗo, tare suka je wurin mai POS, ya ƙirga rabonsa a gabanta ya sa a aljihu. Da sauran ta sayi keken ɗinki da buhun masara. Ba ta san bashi ba ne sai da aka fara neman ta. Yau kuɗin ruwa yana hawa har a kan kason da dillali ya ci, shi kuma yana yawonsa a gari babu mai tambayarsa. Su wa suka nuna wa irin waɗannan dillalai hanya? An taɓa bincika?

Abin da ya fi ci wa mutane rai shi ne yadda ake karɓa. Dokar da Babban Banki ya fara aiki da ita ranar 1 ga Agusta 2020 ta ba mai bin bashi damar zare kuɗi daga kowane asusu da ke ɗauke da BVN ɗin mutum, a kowane banki. Dokar da kanta ta ce wannan matakin ƙarshe ne, kuma uwar kuɗi da kuɗin ruwa kawai za a cira, ban da tara. To na'ura ba ta san kuɗin ciniki ba, ba ta san kuɗin magani da ɗan'uwa ya turo daga Legas ba, ba ta san kuɗin adashin mutane da aka ba ka ajiya ba. Duk abin da ta tarar kwashewa take. Shi ya sa mutane suka fara gudun asusunsu, suna karɓar kuɗi da sunan mata ko ƙane, wasu sun koma ajiya a gida. Bankin da ya shekara da shekaru yana roƙon talaka ya buɗe asusu, shi ne yanzu yake korar sa.

A wannan Maris na 2020 ɗin aka ba bankuna izinin sassauta wa manyan masu bashi a harkar mai da masana'antu, aka tsawaita musu wa'adi. Me ya sa sassauci yake da sauƙi idan bashin na biliyoyi ne?

Ban ce a yafe wa kowa ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma wanda ya ci da gangan yana da halin biya, a bi shi ya biya. Roƙona a mayar wa mutane watanni shidan nan da aka ƙwace, a lissafa su a kan kashi 5 kamar yadda aka alkawarta, a rage daga abin da ya saura. Waɗanda ambaliya ta shafa, a 2022 ko a Maiduguri lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, a tsayar musu da kuɗin ruwa. Sunayensu na hannun hukumomin agajin gaggawa. Kowane mai bashi a ba shi takarda cikin harshen da yake ji, ya ga nawa ya karɓa, nawa ya biya, nawa ne ruwa, nawa ya rage. A riƙa sanar da mutum kafin a taɓa asusunsa, a kuma bar masa abin da zai ci.

Akwai maganar waɗanda suka karɓa da kuɗin ruwa don dole alhali zuciyarsu ba ta kwanta ba, wannan sai wani jiƙon.

Mai girma Gwamna, takarda ɗaya ce ta mayar da kashi 5 zuwa 9, kuma daga ofishinka ta fito. Muna jiran ka sa hannu a wadda za ta gyara.

Naka,
Wani ɗan kasuwa daga Haɗeja, Jihar Jigawa