Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Tara Haraji Ta Ƙasa

Ranka ya daɗe Dakta Zacch Adedeji,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan 'yan damfarar da ke fakewa da sunan hukumarka suna yashe asusun bayin Allah. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya rattaba hannu a kan sababbin dokokin haraji a watan Yunin 2025, dokokin da suka sauya sunan hukumarka daga FIRS zuwa NRS, jama'a ke jin ana ta maganar haraji ba tare da sun gane abin da ya shafe su ba, kuma a cikin wannan ruɗani ne ɓarayi ke cin kasuwarsu.

Ga yadda abin yake faruwa. Ɗan kasuwa yana zaune a shagonsa a Kantin Kwari, sai saƙo ya shigo masa ta imel ko WhatsApp, ɗauke da tambarin gwamnati, ana shaida masa wai ya biya fiye da kima, za a mayar masa da rarar, amma sai ya latsa wata mahaɗa kafin gobe. Shafin da zai buɗe masa yana kama da na hukuma, sai dai adireshinsa ba ya ƙarewa da gov.ng kamar na shafukan gwamnati, kuma ba kowa ke lura da hakan a ƙaramar waya ba. Za a tambaye shi BVN, da lambar katin ATM, da lambobi ukun da ke bayansa, sannan lambar sirrin da banki ya turo masa yanzu-yanzu. Da zarar ya shigar da ita, kafin ya sallami mai sayen atamfar da ke gabansa, an kwashe jarin nasa.

Abin da ya fi damuna shi ne, gaskiyar da za ta kare mutane ba ta da wuyar faɗa. Hukuma ba ta bin mutum da kuɗi; wanda ya biya fiye da kima shi ke neman a mayar masa, kuma sai an binciki takardunsa. Mai son tura maka kuɗi lambar asusunka kawai yake bukata, ba ruwansa da lambar sirrinka. Haka nan harajin mafi yawan ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa yana hannun hukumomin jihohi ne, irin su KIRS a Kano da KADIRS a Kaduna, saboda haka saƙon da ke cewa Abuja za ta mayar wa malamin firamare kuɗi abin tuhuma ne tun daga farko.

Ranka ya daɗe, sanarwar Turanci a shafin intanet ba ta isa ga mutanen da ake cuta. Ina roƙon ka sa a riƙa maimaita wannan bayani da Hausa a gidajen rediyo, a kuma kai shi ga shugabannin kasuwanni da limaman Juma'a, domin maganarsu ce jama'a suka fi yarda da ita. A ware gajeriyar lambar waya guda ɗaya wadda mutum zai kira ya tantance saƙo kafin ya latsa komai. Sannan hukumarka ta haɗa kai da EFCC da bankuna, a riƙa rufe shafukan bogi da asusun da ake zuba kuɗin sata a ranar da aka kai ƙara, tunda dokar laifukan intanet ta 2015 ta riga ta tanadi hukunci a kan irin wannan damfara.

Naka mai biyan haraji,
daga Kano.