Zuwa Ga Ɗana, Kan Katin Rigakafin Da Kake Shirin Saye

Ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka. Mu nan Mabera lafiya lau, sai sanyin hunturu.

Yayarka ta faɗa mini maganar da ka ce kada ta faɗa, kuma kada ka ga laifinta. Ta ce kana shirin Umrar azumin bana, na yi murna. Sai ta ƙara da cewa ka sami wanda zai yi maka katin rigakafin korona ba tare da allura ta taɓa jikinka ba. Tun ranar barcina bai cika ba.

Katin gaskiya yana da tambarin QR da ake dubawa a ga ko sunan mutum na cikin rajistar NPHCDA, hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa, saboda haka ana iya kama ka. Amma wannan ƙaramin abu ne a wurina. Sukarinka ne ya tsaya mini a rai. Korona ta fi kayar da tsofaffi, da masu hawan jini, da masu ƙiba, da masu ciwon sukari. Ga mai sukari, garkuwar jiki ba ta saurin tashi, zazzaɓi yana ƙara hau da sukarin, huhu kuma ya cika da kumburi har numfashi ya gagara sai da iskar oksijin. Kai kuma za ka shiga Harami a goman ƙarshe, kafaɗa da kafaɗa da mutanen duniya, kana azumi, barci kaɗan, da takarda a aljihu wadda ba ta kare komai. Ka manta yadda jikin kawunka ya juye cikin kwana biyu? Ni ban manta ba.

Na san abin da za ka ce, cewa ba ka amince da allurar ba, kuma ban raina shi ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. Duk wanda ya yi ɗari-ɗari bayan wannan yana da hujja. Sai dai ka tuna inda tsoron ya kai mu a 2003, da aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa: cutar ta dawo, ta shanye ƙafafun yaranmu, ta tsallaka wasu ƙasashe, ba a tabbatar da kawar da ita daga Afirka ba sai Agustan 2020. Allurar korona kuwa ba a ɓoye aka gwada ta ba. Ta Pfizer an gwada ta a kan mutum fiye da 40,000, ta Moderna kimanin 30,000, kuma ƙasashen da suka yi ta su suka fara yi wa tsofaffinsu. Ta iso Najeriya ranar 2 ga Maris 2021, kusan miliyan 4 ta AstraZeneca, kuma sai da NAFDAC ta amince aka fara.

Babu ƙwayar korona mai rai a cikinta. Saƙo take kai wa jiki ya ƙera irin ƙayar da ke bayan ƙwayar cutar, garkuwa ta gan ta, ta haddace kamanninta. Saƙon nan ba ya dawwama a jiki, kuma ba ya canza halittar gado. Ba ta hana haihuwa. Zazzaɓin korona ma shi ne aka ga yana rage ƙarfin maniyyi na ɗan lokaci. Pfizer da Moderna da AstraZeneca babu sinadarin alade a cikinsu, kuma a 2021 Babban Muftin Saudiyya na lokacin ya ce ba ta karya azumi. Ba zan ce maka tana hana kamuwa ɗungurungum ba. Tun bayyanar nau'in Omicron a Nuwamban 2021, masu allura da yawa sun kamu. Abin da take yi da ƙarfi shi ne hana cutar ta kai mutum gadon asibiti ko kushewa, kuma abin da nake nema maka ke nan.

In kana son yin taka-tsantsan, ga inda ya kamata ka sa ido. A ƙasa mai zafi irin tamu, sanyi ne ran allura. AstraZeneca da Johnson & Johnson suna zama a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8 lokacin da ake amfani da su. Pfizer kuwa tana zuwa a daskare, wajen digiri 70 ƙasa da sifili, irinta ta 2021 in an narkar da ita tana yin wata guda a firji, in an haɗa ta da ruwanta sai a ƙarar cikin awa 6. Wadda ta sha zafi ba ta zama guba, aikinta ne yake mutuwa. Don haka ka je cibiyar gwamnati, ka ga an ciro kwalbar daga akwatin sanyi, ka nemi ganin ranar ƙarewar wa'adinta, ka ga an ɓare sabon sirinji a gabanka, a rubuta sunan allurar da lambar rukuninta a katinka. Wannan haƙƙinka ne. A Disamban 2021 hukuma ta lalata fiye da miliyan 1 da wa'adinsu ya wuce a Abuja, a bainar jama'a, maimakon a yi wa mutane.

Lissafa lokacinka. Ga tsarin da aka bi a 2021, ka tambayi likita wanda ake bi yanzu. Johnson & Johnson sau ɗaya ake fara ta. Pfizer biyu ce, tsakaninsu mako 3 zuwa 4. Moderna mako 4. AstraZeneca ta fi aiki da tazarar mako 8 zuwa 12. Kariya ba ta kankama sai mako 2 bayan ta ƙarshe, daga baya kuma akwai ta ƙari. Ka ci abinci kafin ka je, kada ka fasa maganin sukarinka, in kana zazzaɓi ka bari ka warke. Bayan an yi, zauna minti 15, ko 30 in jikinka ya taɓa ƙin wani magani, domin mummunan borin jini a nan yake bayyana, kuma suna da allurar da ke kwantar da shi. Ciwon damtse, kasala, ciwon kai da zazzaɓin kwana 1 ko 2 ba abin tsoro ba ne. Farasitamol ƙwaya 2 na miligiram 500 ya isa, kada ka wuce 8 a yini, ka riƙa auna sukari a kwanakin.

Akwai illoli biyu da ba kasafai ake gani ba, amma gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye maka ba. AstraZeneca da Johnson & Johnson kan jawo gudajin jini tsakanin kwana 4 zuwa wata guda: ciwon kai mai tsanani da ya ƙi jin magani, gani dishi-dishi, ciwon ciki, kumburin ƙafa ɗaya, ko ɗigo-ɗigon jini ƙarƙashin fata. Pfizer da Moderna kan jawo kumburin tsokar zuciya, galibi ga samari, cikin mako guda bayan ta biyu: ciwon ƙirji, bugun zuciya, ƙarancin numfashi. Ka ga ɗaya daga ciki, asibiti kai tsaye, ba kemis ba, ka faɗa musu ranar da aka yi maka.

Yanzu maganar da ta fi mini ciwo. Ɗakin Allah za ka je da takardar ƙarya? Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Ba haka muka tarbiyyantar da ku ba, kuma duk allurar da aka yi muku kuna yara sai da na san abin da ke cikinta. In ba ka yarda da wannan ba, ka fasa tafiyar, ya fi maka mutunci.

Amma na san ba mugun nufi gare ka ba, tsoro ne, kuma ni ma tsoron ne ya sa na yi maka faɗa. Ka je wurin likitan da ke duba sukarinka cikin makon nan, ku zaɓi wadda ta dace da kai. Ka turo mini hoton katin ranar da aka yi. Innarka ba ta san komai ba, kuma ba zan faɗa mata ba. Ka gaishe da maiɗakinka da yara. Allah ya yi maka albarka, ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya.

Mahaifinka,
Sakkwato