A rubuta mana a ƙofa lokacin da za a dawo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ɗan ba ni fili in yi magana a kan lokutan aiki a ofisoshin gwamnati nan Marwa da sauran garuruwan arewacin Kamaru. Ni ba ma'aikaci ba ne. Shagon fotokofi gare ni kusa da wani ofis, kuma duk wanda aka ce wa "dawo gobe", a bencina yake fara zama ya huce kafin ya tare ɗan mashin.

Dokar dai a fili take. Tun watan Nuwamba na 1993 aka tsayar cewa ma'aikacin gwamnati zai shiga aiki ƙarfe 7:30 na safe ya tashi 3:30 na yamma, daga Litinin zuwa Juma'a, da hutun minti 30 tsakanin ƙarfe 12 da ƙarfe 1. Dattawa sun san lokacin da ake zuwa gida cin abincin rana a koma ofis da yamma. A 1993 ɗin ne kuma aka zabge albashi har sau biyu, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Tun daga nan ma'aikata da yawa suka koyi haɗa aikin gwamnati da gona ko ɗan kasuwanci, kuma har yau ɗabi'ar ba ta sake su ba.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ranar Juma'a. Malam Edita, wane ne zai bar teburinsa, ya yi alwala, ya je masallaci, ya saurari huɗuba, ya yi salla, ya sa wani abu a bakinsa, ya dawo, duk cikin minti 30? Babu. Kowa ya san babu, har shugabannin ofis ɗin. Da yake dokar ba ta yiwuwa a wannan rana, sai aka yi watsi da ita gaba ɗaya. Wanda ya fita ƙarfe 12 sai Litinin. Kada kuma a ɗora wa Musulmi kaɗai, don abokin aikinsa da ba ya zuwa masallaci shi ma yana ganin an watse zai ɗauki makullin mashin ɗinsa.

Kwanan baya, wata Juma'a, wani dattijo ya zo daga wani ƙauye a wajen Mokolo, da takardun jikansa a ƙunshe cikin leda, an ninke su har sun fara yagewa. Na yi masa kofi, ya sayi tambur na sefa 1,500, sa hannu kawai ya rage. Ya shiga ya tarar ƙofa a buɗe, fanka na juyawa, kwat na rataye a bayan kujera, ga tabarau a kan tebur. Mai gadi ya ce masa shef, wato shugaban ofis, ya ɗan fita. Wannan kwat ɗin ita ta zaunar da bawan Allah har la'asar, yana cewa ai mutum ba ya tafiya gida ya bar rigarsa. Daga baya ya ƙirga kuɗin aljihunsa, ya ga in ya koma ƙauye ba shi da na dawowa, sai ya nemi wani ɗan garinsu ya kwana uku a zaurensa.

A tsallaken kogin Logone, a Injamena ta ƙasar Cadi, ofisoshin gwamnati da tsakar rana suke tashi ranar Juma'a, kuma an san da haka. Mutumin Kusiri da ke da takarda a can ba ya ɓata kuɗin motarsa bayan azahar. Mu a nan takarda ta ce 3:30, ƙofa kuma ta ce wani abu dabam.

Ba na jayayya da haƙƙin kowa. Dokar ma'aikata ta 1994 ta ba ma'aikaci hutun kwana 30 a shekara, ta ba mai haihuwa mako 14, ta kuma ba da 'yan kwanaki na aure da rasuwa da haihuwar iyali. A ƙasar da zaman makoki da suna ba abin wasa ba ne, wa zai hana? Tambayata ita ce, don me in mutum ɗaya ya tafi hutunsa na halal sai hatimi ya tafi tare da shi a aljihu? An san ranar tafiyarsa tun wata guda, amma ba a ce wane ne zai riƙe masa ba.

In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Da yawan waɗanda ba a gani a kujerunsu suna hanyar Yawunde ne bin dosiyensu, na ƙarin girma ko na bashin albashi. Daga Marwa mutum ya bi mota ta Garwa zuwa Ngaundare, ya kwana a jirgin ƙasa, ya isa ma'aikata, shi ma a ce masa "dawo gobe". Mako ya tafi ke nan. Ƙarshen wata kuma rabin ofis na layin banki. Ga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, a ɗauke wuta, kwamfuta ta mutu, ɗaki ya gagari zama. Ƙidayar ma'aikata da Ma'aikatar Kuɗi ta yi a 2018 ta tono dubban masu cin albashi ba tare da aiki ba, madalla da hakan. Sai dai wanda ya zo ya sa hannu a rajista ƙarfe 8 ya sulale ƙarfe 11, wannan ƙidayar ba ta ganinsa.

Don haka roƙona ga Ministan Ma'aikata da gwamnoninmu na Arewa Mai Nisa da Arewa da Adamawa ba mai tsada ba ne. A zauna a gyara lokacin Juma'a yadda zai yiwu, ko a tsawaita hutun zuwa ƙarfe 2 a dawo da gaske, ko a tashi da rana a rama awannin a sauran ranakun. Hutun rana kuma a riƙa yin sa bi da bi, kada taga ta zama babu kowa. Wanda zai yi tafiya ya liƙa takarda a ƙofarsa, da ranar dawowarsa da sunan wanda zai sa hannu a madadinsa, da Faransanci da Fulatanci ko Hausa, don mai ɗan karatu ya karanta wa na kusa da shi. In takardar rubutawa ce babu, a aiko shagona, zan buga kyauta.

Na gode.

Mai karanta ku kullum,
daga Marwa, Kamaru