Godiya ga ƙaramin garejin da ya ciro ni daga dusar Afrilu

Zuwa ga mai gareji da ma'aikatansa, a kudancin Minneapolis,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na riga na yi muku godiya baki da baki, amma Turancina bai iya ɗaukar abin da ke raina ba. Shi ya sa na zauna na rubuta da harshen da nake addu'a da shi, domin 'yan'uwanmu da ke zaune a jihar Minnesota su ma su ji. Yaba kyauta tukwici.

Wannan ne hunturuna na biyu a ƙasar nan ta Amurka. Ina aiki a gidan kula da tsofaffi, aikin da ba a fashinsa don iska ko dusar ƙanƙara, domin masu jiran a ba su magani da abinci ba ruwansu da abin da sama ke yi. A ƙarshen watan Maris da na ga dusar gefen titi ta fara narkewa, sai na ɗauka sanyi ya yi sallama. Na kai motata wani shagon taya, ba naku ba, don a cire mini tayoyin hunturu. Saurayin da ke wurin ko durƙusawa bai yi ya duba su ba, ya ce mini sun gama aiki, zubar da su za a yi, kuma waɗanda na zo da su don a mayar su ma ba su da kyau. Ya sayar mini da wasu na hannu guda huɗu, ya ce suna tafiya a kowane yanayi. Na biya ban yi musu ba. Abu ɗaya na ƙi: na ce a sa mini tsofaffin a but, kuɗina ne na saya.

Sai ga guguwar dusar ƙanƙara ta 13 zuwa 16 ga Afrilun 2018. Duk wanda ke garin nan ya san abin da ya gani. Kusan inci 16 aka auna a filin jirgin sama, wato santimita 40 ke nan, har da tsawa a cikin dusa, abin da ban taɓa sanin ana yi ba. Filin jirgin kansa sai da aka rufe shi na sa'o'i ranar Asabar. Daga baya aka ce Afrilun 2018 ya tara inci 26, ya zarce na 1983 wanda shi ne ke riƙe da kambu a da.

A ranar Asabar ɗin na tashi aiki ƙarfe uku na rana. Ina tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, waifa na ta faman share gilas ba ta cim ma dusar. Da na zo sauka daga babbar hanyar I-94, a kan kwanar nan mai gangara, na taɓa birki. Sai na ji fedar tana karkarwa a ƙarƙashin ƙafata, gir-gir-gir, na tsorata na ɗauka birkin ne ya tsinke, na ɗage ƙafa. Motar ta juya da ni, gabanta ya nutse cikin tulin dusar da ke gefen hanya. Salati kawai nake yi. Ban ji ciwo ba, alhamdu lillahi, amma ko gaba ko baya motar ta ƙi motsi, taya sai juyawa take a wuri ɗaya.

Nan fa na shiga kiran masu janwe. Na farko ya ce sai bayan awa shida, kuma ban ga laifinsa ba, ranar kowa a cikin wahala yake. Na biyu ya ce in karanto masa lambar katin banki kafin ya faɗa mini farashi. Na tambaye shi ko nawa ne, ya ce sai sun zo sun gani. Na uku shi ne wanda har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Na faɗi inda nake sau biyu, ya ce ba ya gane maganata, na sake a hankali, sai na ji ƙit, ya kashe waya. Ina zaune cikin mota, dusa na rufe gilas, cajin wayata na ƙasa, mutum ya yanke hukunci cewa muryata ba ta cancanci ya ƙara minti ɗaya ba.

Lambarku ce ta huɗu. Baiwar Allahn da ta ɗauka ba ta fara da zancen kuɗi ba. Tambayarta ta farko ita ce ko na ji rauni, ta biyu kuma ko injin na aiki. Na ce e, na bar shi a kunne saboda hita. Sai muryarta ta canza. Ta ce in kashe shi yanzu-yanzu, in duba ko ba mota mai zuwa, in zagaya baya in tone dusar da ke bakin salansa. Na fita na tarar da bakin bututun ya toshe da dusa, na tone shi da burushin share gilas. Ta jira a kan layi har na dawo. Sannan ta yi mini bayani cewa idan salansa ta toshe, hayaƙin yakan koma cikin mota, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari ba ta da launi, barci kawai take sa mutum, daga nan sai labari. Ta ce in riƙa kunna injin minti goma a kowace awa, in sassauta gilas kaɗan, in bar fitilun gargaɗi a kunne, kuma kada in kuskura in taka da ƙafa neman taimako. Bayan wannan duka ne ta faɗa mini farashi, ta ce direbansu zai kai awa biyu ko fiye.

Ban san fuskarta ba a lokacin, amma wallahi hawaye ne suka zubo mini bayan na ajiye wayar. Sau biyu ta sake kira na don ta ji ko ina lafiya.

Dattijon da ya zo da janwe ya kai sa'an mahaifina, gemunsa duk ƙanƙara. Da shebur ya fara, ya durƙusa cikin dusa ya ɗaura sarƙa, ya jawo motar cikin 'yan mintoci. Ya haska tayar gaba da tocila, ya yi shiru, sannan ya ce ba zai bar ni in tuƙa wannan motar a daren nan ba. Ya ja ta zuwa gareji, ni kuma aka sauke ni a ƙofar gida.

Ranar Litinin da na je, ya ɗauko ƙwandalar senti ɗaya ya tsoma a ramin zanen taya, kan Lincoln, tsohon shugaban Amurka da hotonsa ke jikin ƙwandalar, na kallon ƙasa. Gaba ɗaya kan a waje yake. Ya ce ma'anarsa tayar ta suɗe, ko a ruwan sama ba abin dogaro ba ce balle a dusa. Na ba shi labarin tsofaffin tayoyina da ke ajiye a gida, ina jiran ya ce in sayi sababbi, ga su nan jere a shagon. Sai ya ce in kawo ya gani. Ya juya su ɗaya bayan ɗaya, ya nuna mini tambarin dutse mai ƙololuwa uku da ɗigon dusa a tsakiya, ya ce wannan ita ce shaidar tayar hunturu ta gaskiya, robarta ba ta sandarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Celsius, saɓanin sauran. Ya ce da sauran aiki a jikinsu, ya mayar mini da su. Kuɗin da aka faɗa mini a waya da ladan ɗaura taya, su kaɗai na biya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo baya. Da na gaya masa yadda birki ya yi karkarwa, bai yi dariya ba. Ya ce in tuƙa mu je filin ajiye motoci da ke bayan shagon, wanda ba a riga an share ba. Ya sa na taka birki da ƙarfi, karkarwar ta dawo, ya ce: "Kada ki ɗaga, danne. Na'urar ABS ce ke aikinta, tana hana taya kullewa don sitiyari ya ci gaba da jin maganarki." Sau biyar muka yi, har ƙafata ta daina gudu. Ya ce in riƙa kallon inda nake so motar ta je, ba abin da nake tsoron bugawa ba. Ya ce gada da kwanar sauka daga babbar hanya su ke fara daskarewa, saboda iska mai sanyi na bi ta ƙarƙashin gada, kuma dusar ƙarshen hunturu ta fi nauyi da jiƙa, ta narke da rana ta koma gilas da dare. Har dokar ajiye mota idan birni ya ayyana ta-ɓacin dusa ya zana mini a bayan rasit: daren farko a kauce wa manyan titunan da aka yi wa alama, washegari ɓangaren gidaje masu lambar cika, rana ta uku ɓangaren masu mara. Shekara ɗaya da rabi ina garin nan, sai a ranar na fahimce ta sosai.

Rashin sani ya fi dare duhu, kuma akwai masu sana'ar da duhun baƙo shi ne jarinsu. Da sun ji harshenka ya karkace, ko sun ga mace da mayafi ita kaɗai, farashi ya tashi, bayani ya ragu. Mata nawa na sani a cikinmu da aka canza musu abin da bai lalace ba? Mun zo daga inda mafi girman sanyi shi ne hazon Janairu, muka ci jarrabawar lasisi a kan busasshen titi, aka miƙa mana makulli, ba wanda ya ce mana ga yadda ƙanƙara take. Wanda ya sayar mini da suɗaɗɗun tayoyin nan ya san watan da muke ciki, ya san jihar da muke ciki. Ya san kuma a kansu zan hau babbar hanya.

Baba mai janwe, ka ce kada in cire tayoyin nan sai sanyin safiya ya daina sauka ƙasa da digiri 7, kuma in dawo a mayar da su kafin Nuwamba. Na rubuta a kalanda. Shebur, bargo da buhun yashin da ka ce in ajiye a but duk suna ciki. Ke kuma 'yar'uwa mai ɗaukar waya, yadda kika tsaya a kan layi har na tone salansar nan, Allah ya tsaya miki a ranar da kike neman mai tsaya miki. Allah ya yi wa kasuwarku albarka, ya kare direbobinku a kan hanya.

Taku mai godiya,
Wata 'yar Zariya mazauniyar Minneapolis