Godiya Ga Likitocin Haƙori Na Asibitin Malam Aminu Kano

Zuwa ga shugaba da ma'aikatan sashen haƙori,
Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, na rubuto ne a bainar jama'a saboda yaba kyauta tukwici, kuma abin da kuka yi mana ni da 'yata ya wuce a gode a baki kawai.

Na fi shekara 30 ina cin goro. Da safe shayi, da yamma shayi, tsakaninsu kuwa ɓarin goro ba ya rabuwa da aljihuna. Haƙorana sun rine har na daina kula. Ita 'yata ce damuwar. Tun tana firamare haƙoranta na gaba suke da ɗigon fari kamar alli, da zane-zane ruwan ƙasa, yara suna tsokanarta wai ba ta wanke baki. Da aka sa ranar aurenta sai ta shiga gwaje-gwaje: gawayi, toka, gishiri da lemon tsami, har da wani garin da ta saya a Facebook. Launin bai gusa ba. Abin da ta samu shi ne ko ruwan randa ta kurɓa sai ta dafe baki.

Da muka zo wurinku, ban zaci za a yi mana tambayar da aka yi ba. Likitar ta duba bakinta, ta juyo ta ce, "Baba, a ina ta tashi tun haihuwa zuwa shekara takwas?" Na ce Langtang, a Jihar Filato, inda na yi zaman kasuwanci muna shan ruwan rijiya da na burtsatse. Sai ta gyaɗa kai. Ta bayyana mana cewa ruwan ƙasa a wannan yanki yana da sinadarin fuloraid da yawa. Kaɗan daga cikinsa yana kare haƙori daga ruɓewa, shi ya sa ma ake sa shi a makilin, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a litar ruwan sha. Idan ya zarce, yaron da haƙoransa ke ginuwa a cikin dasashi sai su fito da tabo. Wato tabon a jikin haƙorin yake tun asali, ba datti ba ne, kuma duk gugar duniya ba za ta fitar da shi ba. Na dubi yarinyar nan na ga ƙwalla a idonta. Shekara nawa tana zargin kanta da ƙazantar da ba ta yi ba!

Nawa kuwa likitar ta ce mai sauƙi ne, don rinin goro da shayi da taba a saman haƙori yake zama. A zama ɗaya aka kankare dauɗar da ta daskare, aka goge. Ba su koma kamar auduga ba, kuma an faɗa mini gaskiya tun kafin a fara: da shekaru ɓawon haƙori yana sirancewa, sai rawayar da ke ƙarƙashinsa ta riƙa bayyana. Shi ɓawon nan ne gawayi ke kankarewa, lemon tsami kuma ya cinye shi, kuma idan ya tafi ba ya sake tohowa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ku yi gaggawar karɓar kuɗinmu ba. 'Yata ta so a sa mata maganin farin haƙori a ranar, kuka ce a'a, sai zugin ya lafa. Kuka rubuta mata makilin na masu irin matsalarta da buroshi mai laushi. Bayan makonni aka yi mata aikin a matakai: aka ɗan shafe saman tabon, aka yi amfani da sinadarin faroksaid, wato maganin farin haƙorin, gwargwado tare da kare dasashi, wurare biyu da suka fi duhu aka rufe su da ciko mai launin haƙori. An kuma gargaɗe ta cewa ciko ba ya jin maganin fari, kada wani ya ruɗe ta nan gaba.

Muna jira a benci ma na ƙaru. Wata ma'aikaciya ta ja kunnen iyaye mata kan tetirasaikilin, kafson nan ja da rawaya da ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba: mai ciki ko yaron da bai kai takwas ba idan ya sha, haƙoran na iya fitowa da launin toka-toka har abada. Na kai wannan magana gida, don ina da jikoki.

An ɗaura auren, kuma a hotunan biki amarya ba ta rufe baki da mayafi ba. Ni dai goro ban iya bari ba, kar in yi muku ƙarya, amma na rage, ina kuskure baki bayan na ci, asuwakina kuma yana nan tare da buroshi.

Allah ya saka muku da alheri, daga likitoci har masu ba da kati da masu shara. Allah ya ƙara basira, ya albarkaci zuri'arku.

Naku,
Wani uba daga Kano.