Ayarina Ya Tsaya a Bakin Kwara

Kano, daren Alhamis

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali, da dukan mutanen Kumasi. Mu nan sai godiya. Hunturu ya shigo, hazo ya lulluɓe Dala har ba a hango kansa daga Ƙofar Mazugal.

Ka tambaye ni ina aka kwana a kan littafin. Wata huɗu ayarina ya yi a bakin Kwara ban tsallakar da shi ba. Ka tuna labarin ai: fatake sun tashi daga Kano za su Gwanja sayo goro, tun kafin Turawa su ci birni a 1903, jakuna ɗauke da kanwa da baƙin rini da jar fata, jagaba a gaba, madugu yana riƙe da ragamar tafiya. Zuwa da dawowa kan kusan cinye shekara. A cikinsu akwai wani saurayi Ba'agale, fataucinsa na farko, tare da amaryarsa da ke cikin matan da ke girki a zango.

'Yan fashi ba su ba ni wuya ba, haka kada, haka rigimar kuɗin fito. Irin wannan hannuna ya saba. Soyayyar ce ta gagare ni. Na zaunar da su a bakin ruwa cikin farin wata, na cika shafi goma sha biyu da kalamai masu daɗi. Da na karanta sai na ji muryar masu zance a ƙofar gida, ba ta mutanen da suka yi wata biyu suna taka ƙasa, ƙafa duk faso, ba.

Ana haka uwargida ta kwanta da damina. Zazzaɓin cizon sauro ne, amma ya zo da ƙarfi, kwana tara muka yi a asibiti. Ban faɗa maka ba a lokacin don kada hankalinka ya tashi daga nesa. Dare na uku ba ta san wanda ke kanta ba. Ina zaune a kan tabarma ina kallon ƙarin ruwa yana ɗiga, wallahi ko kalma ɗaya daga cikin dubban da na rubuta a kan so ba ta zo mini ba. Addu'a kawai. Da asuba ta buɗe ido, ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "Malam, ka ci abinci kuwa?"

Shekara goma sha shida muna tare, kunya ba ta taɓa barinta ta ambaci kalmar nan da nake sa wa mutanen littafina a baki ba. Amma ta dawo daga bakin mutuwa, abin da ta fara tunawa shi ne cikina.

Da ta samu sauƙi na cire shafukan nan gaba ɗaya. Abin da ya maye gurbinsu bai kai shafi guda ba. Amaryar ta kamu da zazzaɓi bayan an tsallake, madugu ya ce ayari ba ya jiran mutum ɗaya, kuma yana da gaskiya, don rayuka masu yawa ne a wuyansa. Saurayin ya kwance jakinsa daga layi ya zauna, ya san wanda ayari ya bari ya zama naman 'yan fashi, jarin mahaifinsa kuma ya tafi. Da dare ya buɗe burgamensa ya tarar da gumbar da ya ba ta kwana biyu da suka wuce, ba ta ci ba, ta mayar masa. Babu wanda ya ce uffan.

Makon jiya na je kasuwar goro ta Mariri. Na zauna wajen wani dattijo yana kwance huhu, yana tsince masu sankara ɗaya bayan ɗaya, ya yayyafa ruwa, ya sake naɗewa da ɗanyen ganye. Haka fatake ke yi a hanya, in ba haka ba ƙwaya ɗaya ta ɓata huhu. Na dawo gida na bi babi na bakwai da irin wannan tsintar, ban ji tausayin jimla ko ɗaya ba.

Yanzu ga roƙona. Ayarin zai isa Salaga, garin kasuwar goro a ƙasar Gwanja, ni kuwa ban taɓa taka ta ba. Don Allah in ka samu hali ka je, ka duba mini tsofaffin rijiyoyin garin da wurin da kasuwar bayi ta ci. Ba zan ɓoye wannan ba, kakanninmu ba goro kaɗai suka yi ciniki a can ba, kuma ina so saurayina ya tsaya ya gani da idonsa, bayan abin da ya sha don ya ceci rai guda. Ka zauna da dattawan Zango, ka ji abin da iyayensu suka ba su labari, ko da kalar ƙasar wurin ce da irin itatuwanta.

Uwargida tana gaishe da maman yara. Ta fara azumin ramuwa, jiki ya yi ƙwari sosai. Ka shafa mini kan yara.

Wassalam,
Amininka na Kano